Filin Tambaya da Amsa: Lardin Kano Kafin a Kafa Tarayya

Da yawa daga cikin wasiƙun da suka iso mana a wannan wata a kan tarihin Lardin Kano suke, wato shekarun da ke tsakanin shigar Turawa birni a 1903 da kafa tarayyar Nijeriya a 1954. Mun zaɓi biyar daga ciki, mun taƙaita su saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe na sakandare. Malaminmu na tarihi wani lokaci ya ce Lardin Kano, wani lokaci kuma ya ce Masarautar Kano. Shin abu ɗaya ne? Kuma ina iyakar lardin ta tsaya? Daga wani ɗalibi, unguwar Gwammaja.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya ba da sa'ar jarrabawa. Ba abu ɗaya ba ne. Masarautar Kano ta girmi zuwan Turawa da ɗaruruwan shekaru, kuma tun bayan jihadi tana ƙarƙashin tutar Sakkwato. Lardi kuwa yanki ne da Turawan Ingila suka shata don sauƙin mulkinsu, suka haɗa masarautu da dama a cikinsa, suka ɗora Bature guda mai muƙamin Razdan a kansu.

Ingila ta yi shelar mallakar Arewa ranar 1 ga Janairu 1900, amma Kano ba ta shiga hannunta ba sai ranar 3 ga Fabrairu 1903, sa'ad da rundunarta ta taso daga Zariya, ta biyo ta Bebeji, ta fasa ganuwa ta ɓangaren yamma. Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato da manyan mayaƙansa. Waɗanda suka zaɓi yaƙi a ƙarƙashin Waziri Ahmadu sun gamu da Turawa a Kwatarkwashi, inda Wazirin ya rasu, Wambai Abbas kuma ya dawo da sauran jama'a gida, Gwamna Lugga ya naɗa shi sarki a watan Afrilu. Shi kuwa Alu an kama shi aka kai shi Yola, daga baya aka mayar da shi Lakwaja, a can ya rasu a 1926.

Iyakar lardin ba ta tsaya wuri ɗaya ba. A shekarun farko ya haɗa da Kano, Katsina, Daura, Kazaure, Gumel, Haɗeja da masarautun yankin Katagum, ko da yake Haɗeja ba ta miƙa wuya ba sai a 1906, bayan yaƙin da Sarki Muhammadu ya yi shahada a cikinsa. A 1926 aka mayar da Katagum Lardin Bauci, Katsina kuma Lardin Zazzau, sannan a 1934 aka haɗa Katsina da Daura suka zama lardi mai zaman kansa. Abin da ya rage shi ne masarautu huɗu, Kano, Haɗeja, Gumel da Kazaure, kuma duk da ragin nan ƙidayar 1952 ta sami sama da mutum miliyan 3 a cikinsa, wato ya fi kowane lardi a Arewa yawan jama'a. Wannan yankin ne aka mayar Jihar Kano a 1967, kafin a cire Jigawa daga cikinta a 1991.

TAMBAYA: Malam, mahaifina marigayi ya yi aikin malanta a En'e ta Kano, wato hukumar gargajiya da sarki ke shugabanta, kuma yakan ce a zamaninsu sarki ne ke mulki, Bature kallo kawai yake yi. Amma na sha jin masu ilimi suna cewa sarakunan lokacin 'yan amshin shata ne. Wacce maganar ce gaskiya? Daga wata malamar makaranta, unguwar Yakasai.

AMSA: Malama, Allah ya jiƙan mahaifinki. Abin da ya gani da idonsa gaskiya ne, domin talakan da ya zauna a ƙauye yana iya shekara bai ga Bature ba, amma ba zai yi wata bai ga ɗan aiken dagaci ba. Sai dai ni a ganina amsar tana buƙatar a raba ta biyu. Idan aka dubi sama, ikon sarki ya ragu ƙwarai. Idan kuwa aka dubi ƙasa, wato tsakaninsa da talakawa, ikonsa ya ƙaru fiye da yadda yake kafin zuwan Turawa.

Kafin 1903 hakimai a birni suke zaune, garuruwan da kowannensu ke riƙe da su a warwatse suke cikin ƙasa, jakadu ne ke zuwa su karɓo haraji. Razdan na farko, Dakta Kargil, wanda Kanawa suka laƙaba wa Mai Gunduma, ya ga wannan tsari ba zai ba shi damar sanin abin da ake karɓa ba, sai ya yanka ƙasar gunduma-gunduma, ya tilasta wa hakimai su fita su zauna a cikin gundumominsu. Sarki Abbas bai ji daɗin haka ba, kuma bai ɓoye ba. Da taƙaddama ta yi tsanani, a 1908 Razdan ya ɗauki Ɗan Rimi Allah Bar Sarki, wanda bawan fada ne, ya sa aka naɗa shi Waziri, don al'amura su riƙa wucewa ta hannunsa ba ta hannun sarki ba. Abin bai ɗore ba. A 1909 sabon Razdan ya warware naɗin, ya mayar wa sarki martabarsa, Malam Gidado ya zama Waziri. Daga wannan rikici Turawa suka fahimci cewa ɗaukaka sarkin da suke iya cirewa ya fi musu araha da kwanciyar hankali a kan su raunana shi, kuma a kan wannan fahimta suka tafi har ƙarshen zamaninsu.

Abin da ya ɗaure tsarin shi ne baitulmali, wanda aka fara gwadawa a Katsina, Kano ta bi baya wajen 1910. Dukkan harajin da aka tara sai ya shiga taska ɗaya, da farko gwamnati ta ɗauki rabi En'e ta riƙe rabi, daga baya kason En'e ya ƙaru. Sarki, hakimai, alƙalai da dogarai duk suka koma 'yan albashi, kuma kasafin kuɗin shekara ba ya aiki sai da amincewar Turawa. Harajin gargajiya iri-iri, kamar kuɗin ƙasa, kuɗin shuka da kuɗin karofi, aka yi ta narkar da su cikin haraji guda, jangali kuma ya ci gaba a kan masu shanu. A gundumomin kewayen birni aka fito da malaman taki, waɗanda ke auna gona da ƙafa su yanka mata haraji. Sannan aka daina karɓar wuri da hatsi, aka ce sai sule da kwabo. Ki riƙe wannan batu na ƙarshe, domin zai sake fitowa a amsar da ke biye.

To, a zamanin da, sarkin Kano dole ya yi kaffa-kaffa da masu zaɓen sarki, da manyan bayin fada, da Sarkin Musulmi, kuma basasar da ta ɓarke a 1893 ta nuna abin da ke faruwa idan aka rasa daidaito a tsakaninsu. A zamanin Turawa kuwa ba mai iya taɓa sarki sai Gwamna. Doka ta ce shi kaɗai ne hukumar gargajiya, kotunan alƙalai, 'yan doka da gidan yari duk suna ƙarƙashinsa, shi ma yana da kotunsa mai hukunta manyan laifuffuka. Da Sarki Abdullahi Bayero ya hau gado a 1926, bayan Sarki Usman, aka janye bayin fada daga harkar mulki, aka kafa ƙaramar majalisa wadda kowane ɗan cikinta ke lura da wasu sassan aiki.

Ba daidai ba ne a ce En'e ba ta yi komai da kuɗin ba. Ita ce En'e mafi arziki a Arewa, kuma da kuɗinta aka gina asibitin cikin gari, aka jawo ruwan famfo daga Calawa tare da wutar lantarki a 1931, aka buɗe makarantar shari'a a 1934 wadda ta zama Makarantar Ilimin Larabci a 1947. Abin da ke damuna idan na duba jerin ayyukan nan shi ne kusan dukkansu a birni aka yi su, alhali mafi yawan harajin daga ƙauye ya fito. Ilimin boko ma haka. Makarantar da Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa a 1909 don 'ya'yan sarakuna da malamai aka yi ta, kuma shekara 40 bayan haka yaran lardin da suka taɓa shiga aji 'yan ƙalilan ne ƙwarai idan aka kwatanta da yawan jama'a.

TAMBAYA: Malam, ina yaro na ga dalar gyaɗa da idona a Ƙofar Mazugal, kuma har gobe idan na tuna sai in ji cewa wancan ne zamanin arzikin Kano. Yaya aka yi gyaɗa ta mamaye kasuwarmu, kuma wane ne ya ci moriyarta? Daga wani dattijo ɗan kasuwa, Kasuwar Kurmi.

AMSA: Baba Alhaji, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Zan faɗi abin da na sani tare da girmamawa, ko da yake wani ɓangarensa zai saɓa wa abin da zuciya ke so.

Kano ta yi arziki tun kafin gyaɗa, kuma arzikin na sana'ar hannu ne. Masaƙa, marina, majema da dukawa su ne ƙashin bayan kasuwar da kuke zaune a cikinta yau. Turkuɗin Kura yana kaiwa har ƙasar Buzaye, fata tana ƙetare Sahara a hannun Larabawan Gadamas da Tarabulus, ayarin Abzinawa yana kawo gishirin Bilma ya koma da hatsi da tufafi, fatake kuma suna tafiya Gwanja su ɗauko goro. Mai sarrafa kaya yana nan gida, mai saye yana nan gida, farashi kuma a nan ake yanka shi.

Turawa ba gyaɗa suka zo nema ba, auduga suka sa wa ido, domin masaƙun Ingila suna neman inda za su same ta ba daga Amurka ba. Wannan fata yana cikin dalilan da suka sa aka shimfiɗa layin dogo daga Baro, wanda ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912, aka kuma haɗa shi da layin Ikko. Amma manomin Kano ya yi nasa lissafin. Audugar da ya noma masaƙan gida suna saye da kuɗin da ya fi na kamfani, saboda haka ba shi da dalilin kai ta kanti. Gyaɗa kuwa tana son ƙasar jigawa irin tamu, ana shuka ta a tsakanin gero da dawa, ba ta gajiyar da gona, harawarta abincin dabba ce, kuma idan shekara ta ɓaci ana iya cin ta. A daidai lokacin kuma masana'antun Turai suka gano hanyar daskarar da man tsirrai su yi man shafa wa burodi da shi, farashin gyaɗa ya tashi. Gyaɗar da Nijeriya ta fitar a 1912 ba ta kai tan dubu 3 ba, a 1913 ta haura tan dubu 19, kuma mafi yawanta daga Kano ta fito. Buhuna suka cika tashar jirgi har aka rasa wurin ajiya.

Waɗanda suka sa abin ya yiwu cikin sauri haka su ne fataken goro, Agalawa da sauran attajiran birni, waɗanda sun daɗe da sanin bashi, dillanci da riƙon yara a garuruwa masu nisa. Kamfanoni irin su Kamfanin Neja da John Holt ba su san ƙauye ba, ba su jin Hausa sosai, sai suka ba attajirai irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo kuɗi da kaya, su kuma suka tura yaransu ƙauyuka da gishiri da tufafi suna ƙulla ciniki tun gyaɗa tana ƙasa. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji kuma ya yi fataucin goro a ƙasar Gwanja, ya shiga harkar wajen 1918, ya zama babbansu, har ya rasu a 1955 ana lissafa shi a cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma. Kwarori, wato 'yan kasuwar Labanan da Siriya, su ma suka shigo, suka zauna a wajen ganuwa kusa da tasha. Wannan ƙwazo na attajiranmu abin alfahari ne na gaske, kuma ban yarda da masu cewa Bature ne ya koya wa Bakano kasuwanci ba.

Sai dai a shekarar da gyaɗa ta bunƙasa, a ita ce damina ta ƙi. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta kashe dubban mutane a lardin, musamman a gundumomin arewa, kuma gwamnati ba ta yi wani tanadin a zo a gani ba. A 1927 aka sake wata yunwar, wadda ake kira Mai Buhu. Fari ne ya jawo su, wannan ba shakka, amma rumbun da a da ake ajiye hatsin shekara biyu a cikinsa ya riga ya fara raguwa, domin manomi yana bukatar tsabar kuɗi.

A nan ne haraji da gyaɗa suka haɗu. Tun da an ce haraji sai da sule, kuma da kaka ake karɓarsa, dole manomi ya sayar da gyaɗarsa a lokacin da kowa ke sayarwa, wato lokacin da ta fi araha. Tsakaninsa da kamfani akwai babban dillali, akwai 'yan baranda, akwai mai sikeli, kowa da abin da zai gutsura. Wanda hatsinsa ya ƙare kafin damina ta faɗi sai ya ci bashi da alkawarin biya da gyaɗa, sau da yawa ninki biyu. A 1929 manyan kamfanonin Ingila suka haɗe suka zama kamfani ɗaya mai suna UAC, kuma kamfanonin Turai sukan yi yarjejeniya a tsakaninsu kan farashin da za su saya. A shekarar ce kuma kasuwar duniya ta karye, farashin gyaɗa ya faɗi warwas a farkon shekarun 1930, haraji kuwa bai sauka daidai da faɗuwar ba. Hanyar da ta rage wa manomi ita ce ya ƙara faɗin gonar gyaɗa don ya sami kuɗin da a da rabinta ke ba shi, ko ya sayar da akuya, ko ya tafi cin rani. Hausawa sun ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, kuma ban san maganar da ta fi wannan dacewa da manomin wancan zamani ba.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, gwamnati ta karɓe sayen gyaɗa ta hannun wata hukuma a 1942, sannan a 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa ta ƙasa. Ita ke yanka farashi kafin kaka, ta ba wakilai lasisin saye, ta sayar a Turai. Hujjarta ita ce kare manomi daga hawa da saukar kasuwa, kuma gaskiya ne ya san abin da zai samu tun kafin ya tuge gyaɗarsa. Amma a yawancin shekarun farashin da ake ba shi yana ƙasa sosai da na kasuwar duniya, rarar kuma ta taru ta zama miliyoyin fam da ba shi da ta cewa a kansu.

Ita kanta dalar, Baba, dalilin gina ta shi ne bayan yaƙi jirgin ƙasa ba shi da isassun kawuna da taragun da za su kwashe amfanin shekara zuwa Ikko kafin sabo ya shigo. Sai aka riƙa jera buhuna dubbai a fili ana rufe su da tamfol, wasu su shekara ko fiye suna jira, ƙwari suna cin rabonsu. Dalar shaida ce ta ƙwazon manoma da gwanintar leburorin da suka jera ta, amma gyaɗar da ke cikinta ta riga ta bar hannun wanda ya noma ta.

Ban ce kuɗi bai shiga ƙasa ba. Ya shiga, an sayi kekuna da fitilu, an yi gine-gine, an je Makka, kuma layin dogon da aka kai Nguru a 1930 ya raya garuruwa irin su Ringim da Malam Madori. Masaƙa da marina ma ba rana ɗaya suka mutu ba, sun daɗe suna gogayya da yadin kanti. Abin da ya canza shi ne garin da a da yake sarrafa kaya ya sayar wa duniya ya koma mai fitar da ɗanyen kaya, farashinsa kuma a Landan ake yanke shi.

TAMBAYA: Malam, shin da zuwan Turawa aka 'yanta bayi a Kano? Daga wata uwargida, unguwar Fagge.

AMSA: Hajiya, ba nan take ba. Turawa sun rufe kasuwar bayi, sun hana kai hari don kamo mutane, kuma sun ce duk yaron da aka haifa daga watan Afrilu 1901 ɗa ne. Amma waɗanda suke hannun iyayengijinsu an bar su a nan, sai dai wanda ya je gaban alƙali ya fanshi kansa, domin Turawa suna tsoron kada gandayen sarakuna da attajirai su watse, su rasa goyon bayan masu mulki. Gandaye irin na Fanisau sun ci gaba da aiki, har ma sun shiga noman gyaɗa, wasu bayin kuma da kuɗin gyaɗar da suka noma a gayaunarsu suka biya fansa. Dokar da ta soke bauta gaba ɗaya a Arewa sai a 1936 aka yi ta.

TAMBAYA: Malam, me ya sa jam'iyyar talakawa ta fara a Kano ba a wani gari ba? Kuma gaskiya ne rikicin Kano na 1953 ne ya haifi tarayya? Daga wani ma'aikaci, unguwar Sabon Gari.

AMSA: Ɗan'uwa, wanda ya karanta amsoshin da suka gabata ya riga ya sami rabin amsar tambayarka ta farko. A Kano ne En'e ta fi ƙarfi, a nan ne kuma aka fi samun mutanen da ba da albashinta suke ci ba: ƙananan 'yan kasuwa, teloli, mahauta, masu sana'ar hannu, malaman zaure, da 'yan ci-rani na Fagge. Ga kuma Sabon Gari, wanda aka kafa wajen 1913 don ma'aikatan jirgi da na kantuna daga Kudu, inda jaridun Ikko da maganar neman 'yanci ke shigowa kullum. Koke-koken mutane ba na nesa ba ne: haraji da jangali, aikin tilas a gonar hakimi, gaisuwa kafin a ji ƙararka, da ɗauri ba tare da hujja ba.

Tsarin mulkin Gwamna Ricas, wanda ya fara aiki a 1947, ya kafa Majalisar Sarakuna da Majalisar Wakilai a Kaduna, amma wakilan mutanen En'e ne. Jam'iyyar Mutanen Arewa ta fara a matsayin ƙungiyar al'adu, kuma da matasan Kano da ke cikinta suka ga shugabanninta ba su son taɓa sarauta, sai ranar 8 ga Agusta 1950 mutum takwas suka kafa NEPU, Jam'iyyar Neman Sawaba. A cikinsu akwai Abba Maikwaru, Bello Ijumu, Magaji Ɗambatta da Mudi Sipikin. Malam Aminu Kano, ɗan gidan malamai daga unguwar Sudawa, yana koyarwa a Maru a lokacin, ya ajiye aiki a ƙarshen shekarar ya dawo gida, ya zama shugabanta a 1953. Ya kamata a tuna cewa a watan da aka kafa NEPU ne Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a majalisar Kaduna ya nemi a yi wa tsarin En'e gyara, wato ko a cikin masu ra'ayin riƙau akwai waɗanda suka ga ɓarakar.

Zaɓen 1951 ya nuna yadda aka gina katangar. Ba kai tsaye ake zaɓe ba, mataki-mataki ne, daga unguwa zuwa gunduma har zuwa lardi, kuma a matakin ƙarshe En'e tana da ikon cusa kashi 10 cikin 100 na masu zaɓe. NEPU ta yi rinjaye a matakin farko a birnin Kano, amma ko mutum ɗaya nata bai kai majalisa ba. Mata kuwa ba su da ƙuri'a sam, kuma haka aka tafi a Arewa har bayan samun mulkin kai. A 1951 ɗin ne Jam'iyyar Mutanen Arewa ta zama jam'iyyar siyasa, NPC, manyan ma'aikatan En'e suka cika ta. Tun da alƙali, ɗan doka da gidan yari duk na En'e ne, ɗan adawa a Kano ya san abin da ke jiransa, kuma da yawa sun sha ɗauri da bulala saboda taron da ba a ba su izni ba ko maganar da aka ce ta taɓa sarauta.

Game da tambayarka ta biyu, rikicin ya gaggauta abin da ya riga ya taso ne. Tun a taron Ibadan na 1950 wakilan Arewa suka dage sai an ba su rabin kujerun majalisar tsakiya, domin suna tsoron Kudu, wadda ta yi musu nisa a ilimin boko, za ta mamaye aikin gwamnati idan Turawa suka tafi. Ranar 31 ga Maris 1953 Antoni Enahoro ya kawo ƙudurin neman mulkin kai a 1956, Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya nemi a ce sai lokacin da ya dace, aka tashi baram-baram, aka yi wa wakilan Arewa ihu a titunan Ikko. Da jam'iyyar AG, wadda ƙarfinta ke ƙasar Yarabawa, ta turo tawaga ƙarƙashin Akintola don ta yi taro a Kano, sai faɗa ya ɓarke ranar 16 ga Mayu tsakanin mutanen birni da Fagge a gefe ɗaya da na Sabon Gari a ɗaya gefen, aka kwana huɗu ana yi. Alƙaluman gwamnati sun ce mutum 36 suka mutu, 241 suka jikkata. Yawancin waɗanda suka rasa rayukansu a ɓangarorin biyu talakawa ne da ba su da hannu a muhawarar Ikko, kuma faɗan ya fi shafar 'yan kabilar Ibo, waɗanda ba jam'iyyarsu ce ta kira taron ba. Abin baƙin ciki ne da bai kamata wani Bakano ya ambata da alfahari ba.

Kafin watan ya ƙare majalisun Arewa suka amince da buƙatu takwas waɗanda kusan raba ƙasa suke nufi, sakataren ƙasashen mallaka na Ingila, Litiltan, kuma ya sanar cewa za a sake tsarin mulki. Aka yi taro a Landan a watannin Yuli da Agusta 1953, aka ƙarasa a Ikko a Janairu 1954. Sarki Abdullahi Bayero bai ga ƙarshen lamarin ba, ya rasu a Disamba 1953, ɗansa Ciroma Muhammadu Sanusi ya gaje shi.

Ranar 1 ga Oktoba 1954 sabon tsarin ya fara aiki, Nijeriya ta zama tarayya, Sardauna ya zama Firimiyan Jihar Arewa. Ga Lardin Kano ma'anar wannan ita ce an rushe hukumar gyaɗa ta ƙasa aka kafa hukumar ciniki ta Arewa, wadda ta gaji kasonta na rarar da aka tara, kuma kaso mai tsoka na kuɗin fiton gyaɗa ya riƙa komawa baitulmalin Kaduna. Sabuwar dokar En'e ta shekarar ta tabbatar da cewa sarki zai riƙa mulki tare da majalisarsa, ba shi kaɗai ba kamar da. Karɓar haraji, kotunan alƙalai, 'yan doka da gidan yari kuwa suka ci gaba da zama a hannun En'e har bayan juyin mulkin 1966.